Daga "Ranka ya daɗe" zuwa "Ça va": tarihin da ke cikin gaisuwarmu

Jama'a, idan muka saurari yadda muke gaisawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, za mu ji zamani uku a baki ɗaya: na malamai, na sarakuna, da na Nasara.

Mu fara da malamai. Musulunci da fatauci sun kawo mana kalmomin da yau ba ma jin baƙuntarsu. Sallama dai kowa ya san Larabci ce, amma "lafiya", "barka" da "alheri" su ma daga can suka fito. Maƙwabtanmu kuma abin da muke tambaya shi suke tambaya. Bazabarme ya ce "mate ni go?", a amsa "baani samay". Bafillace ya ce "jam waali?", a ce "jam tan". Babarbare ya ce "nda watu?", a ce "kəlewa". Buzu ya amsa da "alkher ghas", wato alheri kaɗai. Duk lafiya ake nema, domin a zamanin ayari da yaƙe-yaƙe, wanda ya tsaya ya tambayi kwananka da gajiyarka ya nuna ba da sharri ya zo ba.

Sai fada. A Damagaram, wadda ta daɗe tana biyayya ga Barno, da Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka kafa sabon zama bayan jihadin Shehu Usmanu, gaisuwa ita ke nuna matsayin kowa. Talaka ya tuɓe takalma, ya faɗi, ya ce "ranka ya daɗe" ko "Allah ya ja zamanin sarki", dogarai su amsa a madadin sarki. Wannan ladabi ya shigo har cikin gidaje: yaro ya durƙusa, ya ce wa babba "kun kwana lafiya?", ba ya kama sunansa, sai Baba, Inna, Kawu ko Malam.

A 1899 Faransawa suka ci Damagaram, daga baya kuma nan ta zama hedikwatarsu har 1926 da suka mai da ita Yamai. Da su aka samu gaisuwar bariki: a tsaya ƙyam, a ce "bonjour", a wuce ga aiki. A lakwal aka koya wa yara bambancin "vous" na girmamawa da "tu" na tsara. "Monsieur" ya zama "mushe" a bakinmu, kalmar da har gobe take ba 'yan'uwanmu na Nijeriya dariya. Bayan 'yancin kai na 1960 wannan gaisuwa ta ci gaba da zama ta ofis, har wasu suka ɗauka duk wanda ya shigo da sallama da "ina kwana" baƙauye ne, sai ya jira.

Gaisuwar sake jiki ma muna da tamu tun kafin "ça va". Bagobiri ya ga Bazabarme, ko Bafillace ya ga Babarbare, sai ka ji "kai bawana, yau me ka kawo wa ubangijinka?", a yi dariya, a tafa. Wannan taubasantaka ce UNESCO ta saka cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma ita ma da dokarta: sai da abokin wasa ake yinta.

To, ga inda muke yau. A 2025 Hausa ta samu matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ke nan tsohuwar da ta zo asibiti ko ofishin magajin gari ta cancanci a amsa mata gaisuwarta da harshen da take ji, a ce "sannu Inna, ina gajiya?" kafin a tambaye ta takarda. Yaranmu kuma, ba laifi su rubuta wa abokansu "slt cv" a WhatsApp, amma mu koya musu cewa ba a aika wa kawu ko suruki haka. Babba ana fara masa da sallama, a tambayi gida, a tambayi aiki, sannan a faɗi abin da ya kawo mutum.

Ku a garinku, yaya ake gaida manya? Allah ya bar mu da zumunci.