Bury St Edmunds: Garin da sufaye suka gina, ya kuma tashi musu tsaye

A shekarar 869 mayaƙan Denmak suka kashe Edmund, sarkin Gabashin Angliya, a ƙasar da ake kira Ingila yanzu. Masu ruwaya sun ce ɗaure shi suka yi a jikin bishiya, suka yi masa ruwan kibau, sannan suka sare kansa don ya ƙi barin addinin Kirista. Daga baya aka kai gawarsa wani ƙauye a yankin Suffolk, wanda ya zama garin Bury St Edmunds, jama'a suka ɗauke shi waliyyi, kabarin ya zama wurin ziyara. A 1020 Sarki Kanut, wanda shi ma jinin Denmak ne, ya zaunar da sufayen ɗariƙar Benedict a wurin.

Sufayen nan maza ne masu baƙaƙen riguna, ba aure, ba dukiyar ƙashin kai, suna taruwa addu'a sau takwas tsakanin dare da rana bisa ƙa'idar da Benedict ya rubuta a Italiya cikin ƙarni na 6. Sai dai talaucin na mutum ɗaya ɗaya ne, gidan sufayen kansa hamshaƙin attajiri ne. Sarki Edward ya damƙa masa ikon shari'a a kusan duk yammacin Suffolk, masu ziyara kuma ba sa zuwa hannu rabbana.

Baldwin, Bafaranshe kuma likitan sarki, wanda ya shugabanci gidan daga 1065 zuwa 1097, shi ya shata titunan garin a miƙe, ana bin su har gobe. Kundin ƙidayar da aka yi a 1086 ya nuna an gina gidaje 342 a filin da a da gona ce. Shi ya kuma aza harsashin majami'ar da tsawonta ya haura mita 150. Wato dai gidan sufaye ne ya haifi garin, kuma bai taɓa barin mutanen gari su manta da haka ba. Kasuwa tasa ce, kotu tasa ce, kuɗin hayar gida da na niƙa shi ake kai wa.

Wani sufi mai suna Jocelin ya rubuta abin da ya gani a zamanin Samson, wanda ya hau shugabanci a 1182 ya tarar da gidan bashi ya yi masa katutu. Samson ya gyara lissafi, amma ba ya ɗaga ƙafa ko kan sisin kwabo. Wajen 1191 wani dattijon limamin coci, Herbert, ya kafa injin niƙa mai aiki da iska ba tare da izini ba. Samson ya ji labari, abinci ya gagara ciyuwa don fushi. Dattijon ya zo yana cewa ai iska ba ta kowa ba ce, kuma hatsinsa kaɗai zai niƙa. Aka ce masa ba a san wannan ba. Kafin ma'aikatan gidan su iso, shi da kansa ya sa an rushe injin. Samson ɗin nan ne kuma ya kori Yahudawan garin a 1190, bayan an kashe 57 daga cikinsu.

Tura ta kai bango a 1327. Mutanen gari suka fasa ƙofar gidan, suka kwashe kuɗi da takardun bashi, suka kulle sufaye, suka tilasta wa shugaban gidan, Richard de Draughton, sa hannu a kan takardar ba su 'yanci. Da ya samu kansa sai ya ce ba da yawunsa ba, rikici ya dawo ɗanye, aka ƙona gine-gine da rumbuna. Hukuma ta murƙushe boren, ta rataye wasu. Duk da haka a 1328 aka sace shugaban, aka aske masa kai da gemu, aka tsallaka teku da shi zuwa Brabant, sai a shekarar da ta biyo baya aka ceto shi. Babbar ƙofar da masu yawon buɗe ido ke ɗaukar hotonta yau ita ce aka gina a madadin wadda aka rusa, kuma wanda ya lura zai ga kafofin harba kibau a jikinta. Gidan ibada ke nan yana tsoron maƙwabtansa. A boren manoma na 1381 kuwa, mataimakin shugaban gidan aka fille wa kai, aka kafa shi a kasuwa.

Abin da bore ya kasa, sarki ya yi shi cikin ruwan sanyi. Henry na Takwas ya ɓata da Paparoma, ya juyo kan dukiyar gidajen sufaye, kuma a Nuwamban 1539 aka miƙa masa na Bury. Aka yanka wa sufaye fansho, aka kware dalmar rufi, jama'a suka yi ta jidar sassaƙaƙƙun duwatsu suna gini. Gawar Edmund ta ɓace tun lokacin. Harabar gidan ta zama lambun shaƙatawa, ragowar bangon gaban majami'ar kuwa an gina gidaje a cikinsa, kuma akwai mutane zaune a ciki har yanzu.