Belle Moore, Gwanar Iyo ta Ƙasar Sikotland

An haifi Isabella Moore, wadda aka fi sani da Belle, ranar 23 ga Oktoba 1894 a Glasgow, birnin maƙeran jiragen ruwa da ke bakin kogin Clyde, ita ce kuwa ta takwas cikin 'ya'ya tara. A wancan zamani, da yake galibin gidajen talakawan birnin ba su da makewayin kirki, hukuma ta gina gidajen wanka na jama'a domin tsabta da kiwon lafiya, waɗansu har da kududdufin iyo, kuma a irin waɗannan wurare ne 'ya'yan ma'aikata suka sami sukunin koyon fannin da a da sai masu hali.

Shekarar 1912 ita ce farkon da aka yarje wa mata shiga gasar iyo a wasannin Olamfik, waɗanda aka yi a Stockholm, babban birnin Suwidin, bayan doguwar jayayya, domin akwai manya da yawa da ke ganin fitar mace iyo a bainar jama'a ya saɓa wa mutunci. Amurka ma ba ta aiko da ko mace guda ba. Ba a cikin gini aka yi gasar ba, a'a, wani sashe na ruwan gaɓar birnin aka killace, tsawonsa mita 100.

Belle na cikin matan da suka shiga gasar. A tseren mita 100 na ɗaiɗaiku ba ta kai zagayen ƙarshe ba, Fanny Durack ta Ostareliya ce ta yi zarra. Amma da aka zo tseren karɓa-karɓa ranar 15 ga Yuli, inda mata huɗu ke yin mita ɗari-ɗari, sai al'amari ya juya, domin ita da abokan tawagarta Jennie Fletcher da Annie Speirs da Irene Steer sun gama cikin minti 5 da daƙiƙa 52.8, suka ba Jamus ratar kusan daƙiƙa 12, Ostiriya ta zo ta uku. Adalci ya wajabta a faɗi cewa ƙasashe huɗu kacal suka shiga, kuma 'yan Ostareliya, da yake su biyu ne tak, an hana su shiga ko da suka nemi kowace ta yi sau biyu. Sai dai wannan bai rage wa nasarar daraja ba, tun da lokacin da suka yi ya zama bajintar duniya. Shekarun Belle 17 a ranar.

Abin da ya biyo baya, a ganina, shi ya fi cancantar ambato, ko da yake marubuta tarihin wasanni sukan wuce shi da gaggawa. A 1919 ta auri George Cameron, masanin zanen jiragen ruwa, suka yi ƙaura zuwa jihar Maryland ta Amurka, inda ta shafe sauran rayuwarta tana koya wa dubban yara iyo, ciki har da naƙasassu.

Ta rasu a Baltimore ranar 7 ga Maris 1975, tana da shekara 80, kuma a 1989 aka shigar da sunanta cikin zauren girmama gwanayen iyo na duniya.