Haihuwa Bayan Jinyar Sankarar Mama

Sankarar mama ita ce cutar daji da ta fi kama mata a Nijeriya, kuma da yawa tana kama su ne suna cikin shekarun haihuwa. A ƙauyuka irin na yankin Watari da ke ƙaramar hukumar Ɓagwai, inda ake auna darajar mace da 'ya'yanta, tsoron rasa haihuwa na iya sa mace ta guje wa asibiti har ciwo ya ci jiki.

Tiyata ba ta hana ɗaukar ciki. Abin da ke taɓa ma'ajiyar ƙwan mace shi ne allurar kashe ƙwayoyin daji, musamman cyclophosphamide. Al'ada kan ɗauke, ta dawo ga wasu, ta tafi ke nan ga wasu, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda ta kusa shekara 40.

Saboda haka ake tanadi tun kafin a fara magani. Ana iya ciro ƙwai a daskarar da shi, ko a haɗa shi da maniyyin miji sannan a adana, aikin da ke ɗaukar kimanin mako biyu. Cibiyoyin da ke yin haka sun fi yawa a Abuja da Legas, kuma akwai tsada. Akwai kuma allurar goserelin ta wata-wata, mai rage ɓarnar maganin. Fatawar Azhar ta 1980 ta halatta dashen ƙwai, muddin na ma'auratan ne kuma aurensu na nan.

Maganin tamoxifen, da ake sha shekara 5 zuwa 10, yana cutar da ɗan tayi, don haka ba a ɗaukar ciki ana shan sa. Wani bincike mai suna POSITIVE da aka wallafa a 2023 ya bi mata sama da 500 da suka dakatar da irin wannan magani har zuwa shekara biyu domin su haihu. Cikin shekara uku, ciwon ya dawo wa kashi 8.9 cikin ɗari, daidai da kusan kashi 9.2 na waɗanda ba su dakatar ba. Ana kuma iya shayarwa da nonon da ba a taɓa ba.

Mace da aka tura Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta tafi da mijinta, ta gaya wa likita tana son haihuwa tun a ganawar farko. Kada ta ajiye magani da kanta.