Takalma a Indiya: Ado, Addini da Sana'ar Dukawa

Indiya ce ta biyu a duniya wajen yawan takalman da ake haɗawa, bayan ƙasar Sin. Manyan cibiyoyin sana'ar su ne biranen Agra da Kanpur da Chennai. Sai dai takalmin da ya fi yawa a ƙafar jama'a shi ne "chappal", wato buɗaɗɗen takalmi na roba ko na fata.

Dalilin haka bai wuce yanayi da al'ada ba. Zafi da ruwan damina sun sa silifas ya fi sau-ciki daɗin sawa. Haka kuma ana tuɓe takalmi kafin shiga gida ko masallaci ko wuraren bautar Hindu da Sikh, don haka mai sauƙin cirewa ya fi karɓuwa. Ma'aikatan ofis kan sa sau-ciki, matasan birane kuwa sun fi son kambas.

Kowane yanki da irin nasa. A Punjab akwai "jutti", a Rajasthan kuma "mojari", dukkansu masu adon zare ne da ake sawa a biki. A arewacin ƙasar, 'yan uwan amarya mata kan ɓoye takalmin ango, ba za su mayar ba sai ya biya kuɗi.

Mafi shahara shi ne "Kolhapuri", wanda ya samo suna daga birnin Kolhapur na Jihar Maharashtra. Da hannu ake ɗinka shi, fatarsa kuma akan jeme ta da ɓawon bagaruwa, itaciyar da majeman ƙasar Hausa ke amfani da 'ya'yanta. Akasarin masu yin sa 'yan Dalit ne, al'ummar da aka daɗe ana ƙasƙantarwa, har a wasu ƙauyuka a kan hana su ratsa unguwannin manya da takalmi.

A 2019 gwamnati ta yi wa Kolhapuri rajistar asali, wadda ta keɓe sunan ga gundumomi takwas na Maharashtra da Karnataka. Duk da haka, a watan Yunin 2025 kamfanin Prada na Italiya ya baje kolin takalmi mai kama da shi a Milan ba tare da ambaton Indiya ba. Bayan ƙorafin jama'a, kamfanin ya amince cewa daga can ya ɗauko salon. Lamarin ya farfaɗo da muhawara kan kason da ya kamata dukawa su samu daga ribar fasaharsu.