Littafin da ya raya sandar gora

'Yan uwa marubuta, wannan makon mun leƙa Amurka, wurin masu fatsa da ƙwaron bogi, wanda ake ɗaurawa a ƙugiya da gashin tsuntsu. Ƙwaron ba nauyi, sai sanda mai lanƙwasa ke iya wurga zaren nesa.

A shekarun 1870 Hiram Leonard ya shahara da tsaga gora gida shida, a fere kowane tsagi, a manne su da gam su zama sanda guda. Amma injin ferewarsa a ɗaki yake kulle, ba kowane ma'aikaci ke ganinsa ba. A 1950 Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar Sin takunkumi, gorar da ake sayowa can ta yanke, sandunan zaren gilashi masu araha suka cika kasuwa. Sana'ar ta kusa bin masu ita kabari.

Everett Garrison injiniya ne, a gida yake fere tasa da hannu, yana lissafa kaurin kowane sashe. Hoagy Carmichael ya lizimce shi yana rubutawa, har awon da mu da mun ce ba ya sa littafi daɗi. Garrison ya rasu a 1975, littafin ya fito a 1977, kuma daga cikinsa masu sha'awa da yawa suka koyi haɗa tasu a gida.