Jijjifi, Hantsi da Shuɗin Haske a Madarunfa

Tambayi masunci a bakin tafkin Madarunfa yaushe yake duba komarsa, da wuya ya ce maka ƙarfe kaza. Cewa zai yi da jijjifi. Mai lambu kuma so yake ya gama ban ruwa tun hantsi bai dubi ludayi ba. Asuba da walaha da azahar da la'asar da magariba da lisha daga Larabci suka zo tare da salla. Ita walaha ma luha ce harshenmu ya tanƙwara. To amma duk cikinsu, na aro da na gida, babu wadda ke nuna lamba. Kowace yanayin haske take faɗa. Jijjifi shi ne sa'ad da za ka ga giftawar mutum ba ka shaida fuskarsa ba, la'asar sakaliya rana ta yi laushi, almuru kuwa kaji sun shiga akurki.

Agogo baƙo ne, sunansa ma daga Yarbanci muka samo, inda yake nufin ƙararrawa. Yanzu ga shi ana cewa akwai "agogon jiki", kuma ban ga laifin sunan ba. A 1959 Franz Halberg ya raɗa wa abin suna da Latin mai ma'anar "kusan kwana guda". Kalmar "kusan" ɗin nan ce ginshiƙin zancen. Wani ɗan curin ƙwayoyi kimanin 20,000 a cikin ƙwaƙwalwa ne ke riƙe da lokacin barci da farkawa da ɗumin jiki, kuma zagayensa yakan ɗara awa 24 da ƴan mintoci. Ke nan kullum sai an saita shi, mai saitawar kuwa haske ne. A 2002 David Berson da abokan aikinsa a Jami'ar Brown ta Amurka suka nuna akwai wasu ƙwayoyi a cikin ido da babban aikinsu auna haske ne su kai labari ƙwaƙwalwa. Idan suka ce rana ce, sai jiki ya tsayar da melatonin, sinadarin da ke shirya mutum barci.

Sunan da ban gamsu da shi ba shi ne "shuɗin haske", wanda ake gargaɗin cewa yana hana barci. Bahaushe in ya ji shuɗi, baba da karofi da turkuɗi ke zuwa masa, abu mai duhu. Sai ya dubi salularsa ya ga fari fat, ya ce wannan gargaɗin ba da shi ake ba. Alhali shuɗin yana ɓoye ne cikin farin, kuma yana da yawa ƙwarai a sararin sama da hantsi. Da safe jiki na bukatarsa. Aibinsa kawai ya zo bayan lisha.

Fitilun da, wato acibalbal da fitilar ƙwai mai kananzir, haskensu ja-ja ne mai rauni, ba ya hana gyangyaɗi. Daga baya kuran ya shigo, kamar yadda ake kiran lantarki a Nijar da aron Faransanci. Ko a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, dare bai koma irin na kakanni ba, don farar tocila da salula na shan caji daga faifan hasken rana.

Kada kuma a haɗa wannan matsala ta hasken dare da dundumi. Mai dundumi da rana garau yake gani, almuru na yi sai lalube, kuma galibi ƙarancin bitamin A ne, wanda ake samu a hanta da zogale da mangwaro. Wannan ciwon abinci ne, wancan kuwa saɓa lokaci.

Don haka ma'aikatan lafiya da ke magana a rediyo su rage cewa shuɗi, su yi wa mutane magana da kalmomin da suka gada: a fito da yara su sha hantsi, bayan lisha kuma a rage farar fitila, a ajiye salula nesa da shimfiɗa.