Fasahar gajimare a harkokin kasuwanci

Fasahar gajimare, wadda ake kira cloud computing da Turanci, hanya ce ta yin hayar ƙarfin kwamfuta, ma'ajiyar bayanai da manhajoji ta intanet, maimakon mutum ko kamfani ya sayi na'urorin ya girke su a wurinsa. Na'urorin da ke yin aikin suna jibge ne a manyan cibiyoyin adana bayanai, mai amfani kuma yana shiga ta waya ko kwamfuta, ya biya gwargwadon abin da ya yi amfani da shi. Ga ɗan kasuwa, babban amfaninta shi ne ta sauke masa nauyin sayen injuna, ba su wuta da kula da su. A madadin haka tana ɗora masa dogaro da layin sadarwa da kuma biyan haya, wanda sau da yawa da dala ake ƙiyasta shi.

Asalin suna

Sunan ya samo asali ne daga al'adar injiniyoyin sadarwa, waɗanda kan zana hoton gajimare a cikin taswirar aikinsu don nuna ɓangaren sadarwar da ke wajen ikonsu. A rubutun Hausa ana cin karo da gajimare da kuma girgije, duk ma'anarsu ɗaya a nan. Kalmar siffantawa ce kawai: bayanan suna cikin gine-gine ne a doron ƙasa.

Tarihi

A 1961 masanin kwamfuta John McCarthy ya yi hasashen cewa wata rana za a riƙa sayar da aikin kwamfuta kamar yadda ake sayar da hidimar tarho. Kamfanin Salesforce, wanda aka kafa a 1999, yana cikin na farko da suka sayar wa 'yan kasuwa manhaja ta shafin intanet. A 2006 Amazon ya fara ba da hayar ma'ajiya da injuna a ƙarƙashin Amazon Web Services, Google ya biyo baya a 2008, sai Microsoft Azure a 2010. A 2011 hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta fitar da ma'anar da ake yawan dogaro da ita har yau.

A Afirka, Microsoft ya buɗe cibiyoyinsa a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ya buɗe nasa a Cape Town a 2020, Google kuma a Johannesburg a 2024. A Najeriya, hukumar NITDA ta fitar da manufar ƙasa kan fasahar gajimare a 2019. Mafi yawan cibiyoyin adana bayanai na kasuwanci suna Legas, kamar Rack Centre, domin a can ne wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suke sauka.

Rabe-rabe

Ana kasa hidimar gida uku. Na farko, IaaS, hayar injuna ne da ma'ajiya zalla, kamfani ya ɗora abin da yake so a kai. Na biyu, PaaS, dandali ne da masu rubuta manhaja ke gina aikinsu a kansa. Na uku, SaaS, manhaja ce gamammiya da ake shiga kai tsaye, kamar Gmail, Google Drive ko Microsoft 365. Ƙananan 'yan kasuwa sun fi cin moriyar kashi na uku, wasu ma ba tare da sanin sunansa ba.

Amfani ga 'yan kasuwa

Rage jarin farawa. Kamfanin da zai ajiye babbar kwamfuta a ofishinsa yana buƙatar ɗaki mai sanyi, janareto, batura da ma'aikacin da zai kula da ita. Da hayar gajimare, kuɗin ya koma na wata-wata, ragowar jari kuma ya shiga cikin kaya.

Ƙari da ragi. Mai sayar da atamfa da takalma ta intanet yana iya ƙara ƙarfin shafinsa gab da Sallah ko Kirsimeti, ya rage bayan an wuce, ba sai ya sayi injin da zai zauna banza sauran watanni ba.

Tsare bayanai. Littafin bashi da rasit na takarda suna salwanta idan gobara, ambaliya ko ɓarayi suka afka wa shago. Gobarar da ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 misali ce ta irin wannan haɗari. Lissafin da aka ajiye a gajimare yana nan ko da waya ta ɓace, muddin mai shi yana riƙe da kalmar sirrinsa.

Aiki daga nesa. Mai shaguna biyu ko uku yana iya duba ciniki da ragowar kaya a wayarsa, akanta kuma ya yi aiki a kan takarda ɗaya da shi a lokaci guda.

Samun bashi. Tarihin ciniki da ke rubuce a manhaja hujja ce da banki zai iya dubawa kafin ya ba da rance.

Misalin kudancin birnin Kaduna

Ɓangaren birnin Kaduna da ke kudu da kogi ya haɗa da Kakuri, Makera, Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha, a ƙananan hukumomin Kaduna ta Kudu da Chikun. A da an san yankin da manyan masana'antu: masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980. Bayan rufewar mafi yawan masaƙun a shekarun 2000, jama'a da dama sun koma ga ƙananan sana'o'i, irin su shagunan magani, makarantu masu zaman kansu, ɗinki, abinci da sufuri. Irin waɗannan ba su da ƙarfin ajiye injuna na kansu.

Alamar da aka fi gani ita ce na'urar POS. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura 'yan kasuwa da yawa zuwa karɓar kuɗi ta kamfanoni irin su Moniepoint da OPay, waɗanda ke sarrafa kowace hada-hada a cibiyoyi masu nisa da shagon. Haka nan masu tallata kaya a WhatsApp da Instagram suna ajiye hotuna da saƙonnin abokan ciniki a gajimare ne. A Barnawa akwai CoLab, cibiyar matasa masu fasaha da Sanusi Ismaila ya kafa a 2016, inda ake koyon rubuta manhaja. Hayar injuna ta intanet ce ke ba irin waɗannan matasa damar yi wa kamfanonin Legas ko na ƙetare aiki suna zaune a Kaduna.

Matsalar wuta ta ƙara wa fasahar daraja. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kunna janareto ya yi tsada, kuma a watan Oktoba na 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe kwanaki cikin duhu sakamakon lalacewar layukan dakon lantarki. Cajin waya da ƙaramin sola ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan riƙe babbar kwamfuta a kunne dare da rana.

Ƙalubale

Idan babu layi, babu aiki. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 an rufe layukan sadarwa a wasu sassan Jihar Kaduna saboda matsalar tsaro, kuma a ranar 14 ga Maris, 2024, katsewar wayoyin ƙarƙashin teku ta tsayar da hada-hadar wasu bankuna a Najeriya. Shi ya sa ake ba 'yan kasuwa shawarar su riƙe layin kamfanoni biyu, su kuma ajiye kwafin muhimman bayanai a hannunsu.

Akwai kuma batun canji. Tun da aka bar kasuwa ta yanke darajar naira a watan Yuni na 2023, kuɗin hayar da ake biya da dala ya ninka a lissafin naira, abin da ya sa wasu kamfanoni komawa ga masu ba da hidimar na cikin gida.

Ta fuskar doka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane alhakin kare su, ko da a injin wani kamfani ya ajiye su, kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Hukumar NDPC ce ke sa ido a kan haka. Asibiti ko makarantar da ta koma gajimare na buƙatar kalmar sirri mai ƙarfi, tantancewa mai mataki biyu, da kuma soke izinin duk ma'aikacin da ya bar aiki.